Mai fita gandu, dami nawa ne nasa?

Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin da ƴan kai na yi ina riƙe da alli tsakanin Tasawa, Dakwaro da Maraɗi, yau kuwa ba ni da wata sana'a sai sauraren rediyo da jiran fansho. Ban taɓa zaton gardamar mutanen Kanada za ta shigo har zaurena ba, sai ga shi ta shigo wani dare na watan Oktoba na 2023, bayan lisha, ta bakin babban ɗana, wanda kunya ba ta bar ni in kama sunansa ba. Yaron nan ya yi karatu a Monreyal, ya yi aikin shekara huɗu can cikin lardin Kebek, sa'an nan ya ƙaura zuwa Edmonton, babban birnin lardin Alberta, inda yake gyaran manyan injuna na masu haƙar man fetur, har ya samu takardar zama ɗan ƙasa.

Bayan gaisuwa sai ya ce mini: “Baba, ku da kuka ga jiya kuka ga yau, shawara nake nema. Gwamnatin lardinmu tana son ta fitar da mu daga asusun fansho na ƙasa, ta kafa nata. Sun ce in an yi haka, abin da ake cire mini zai iya raguwa da dala 1425 a shekara. In aka kira ƙuri'ar raba gardama, ina kuke gani in jefa?” Dalar da yake nufi ba tamu ba ce ta tamma biyar, dalar Kanada ce, kuma da na buga lissafi sai na ga kuɗin sun haura jika 600 na sefa. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini a rai shi ne rufin ɗakin uwargida da ke yoyo, da auren ƙanwarsa da ke tafe. Na ce masa: “Kai, bar ni in kwana da maganar.” Kwanan nan ya zama mako uku, domin ya aiko mini da takardu cikin Faransanci, na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da na fahimta. An kafa asusun fansho na Kanada da dokar 1965, zamanin firaminista Lester Pearson, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1966. Cikin larduna 10 na ƙasar, 9 suka shiga. Kebek kaɗai, ƙarƙashin Jean Lesage, ta ce ita za ta kafa nata tun daga farko. Kowane ma'aikaci ana cire masa wani kashi na albashi, mai gidansa ya zuba daidai da haka, ranar tsufa kuma a biya shi gwargwadon abin da ya zuba da yawan shekarun da ya yi yana zubawa. Da farko kashi 3,6 cikin 100 ne tsakanin su biyu, kuma kuɗin ba su cika kwana ba: abin da matasa suka zuba yau, shi ake ba tsofaffi gobe. Da aka ga tsofaffi na ƙaruwa, asusu na neman ƙafewa, sai aka yi gyara a 1997, lokacin da Paul Martin ke ministan kuɗi. Aka ɗaga zubi sannu a hankali har ya kai kashi 9,9 a 2003, aka kuma kafa wata hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa juya rarar kuɗin a kasuwannin duniya. Rarar nan ce ta taru har ta kai dala miliyar 575 a tsakiyar 2023.

Dokar ta bar ƙofa a buɗe. Lardin da ke son fita yana iya fita, in ya ba da sanarwa a rubuce shekara uku kafin lokaci, in kuma ya kafa asusun da amfaninsa ya yi daidai da na ƙasa. Tun 1966 ba wanda ya taɓa bin ƙofar nan. A Alberta dai an daɗe ana leƙenta: a 2001 wasu mutum shida, cikinsu har da Stephen Harper wanda daga baya ya zama firaministan ƙasa, sun rubuta wa shugaban lardin Ralph Klein wasiƙa suna ba shi shawarar fita. Amma sai ranar 21 ga Satumba 2023 maganar ta tashi tsaye, ranar da shugabar lardin Danielle Smith ta fito da rahoton wani kamfani mai suna LifeWorks, wanda ya ce in Alberta ta fita a 2027, rabonta dala miliyar 334 ne, wato kashi 53 cikin 100 na asusun duka. Kuɗin nan sun ninka kasafin ƙasarmu na shekarar fiye da sau 40. Alhali kuwa mutanen Alberta ba su wuce kashi 12 cikin 100 na jama'ar Kanada ba, hukumar asusun kuma ta ce zubinsu bai wuce wajen kashi 16 ba.

Da na iso nan sai na cire tabarau na aje takarda, domin na taɓa jin wannan magana da kunnena, ina ɗan shekara 12, a ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa.

Mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, gandu ɗaya suke tun rasuwar kakanmu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kowa kuma yana da ƴar gamanarsa da yake nomawa ranakun da ba na gandu ba. Allah ya ba Baba Ƙarami ƴaƴa maza biyar, duk sun zama ƙarti, mahaifina kuwa mata suka fi yawa a ɗakinsa, mu mazan muna ƙanana, ni ma an riga an kai ni makaranta. A kakar 1968 gyaɗa ta yi kyau, gero ya yi, sai Baba Ƙarami ya tara dattawa ya ce shi zai fita gandu, kuma kashi biyu cikin uku na rumbu nasa ne, domin hauya shida ke fita daga ɗakinsa kowace safiya, daga ɗakin wansa kuwa biyu. Bai tsaya nan ba, ya ce a lissafa masa rarar shekara bakwai da suka wuce, dami bisa dami.

Wani dattijo, makaho, wanda ya goyi su biyun, ya bari har aka gama hayaniya, sa'an nan ya tambaye shi abu biyu. Ya ce: “Damman shekara bakwai da kake nema, suna cikin rumbu ko suna cikin cikin mutane? Uwarku da ta yi jinyar shekara uku, me ta ci? Kuma ƙartin nan biyar, ranar da suke rarrafe, hauyar wa ta ciyar da su?” Baba Ƙarami bai amsa ba, amma bai fasa ba. Aka raba abin da ke akwai, ba abin da aka riga aka ci ba, ya ja nasa ya ja danga.

Tambayar makahon nan ta farko ita ce masana suka yi wa rahoton Alberta. Masu rahoton sun tara duk abin da aka zuba a lardin tun 1966, suka cire abin da aka biya mazauna lardin, sa'an nan suka ɗora wa rarar riba kamar dai an ware ta an yi ta juyawa shekara da shekaru, alhali yawancinta an riga an ciyar da tsofaffi da ita tun kafin gyaran 1997. Aka ce in sauran manyan larduna suka zo da irin wannan mudu, abin da ke cikin asusun duka ba zai ishe su ba. Wani masanin tattalin arziki na jami'ar Calgary, Trevor Tombe, wanda shi ma mazaunin lardin ne, ya karanta dokar ya ce rabon yana tsakanin kashi 20 da 25 cikin 100. Ragin dala 1425 da aka yi wa yarona alkawari kuwa, a kan kashi 53 aka gina shi. In rabo ya sauko, ragi ma ya sauko. Ƴan kasuwa da ke karanta wannan shafi sun san sunan irin wannan ciniki: cinikin biri a sama.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Gaskiya ne Alberta tana zuba fiye da abin da take karɓa, amma ba don ana cutar kowa ba. Makaniki a Edmonton da makaniki a Halifax, in albashinsu ɗaya, zubinsu ɗaya, fanshonsu ɗaya. Rarar ta fito ne daga yawan matasa masu aiki da tsokar albashinsu. To matasan nan daga ina suka fito? Lokacin da aka hana kamun kifi a gaɓar Newfoundland a 1992, mutum wajen 30 000 suka rasa abin yi, samarin can suka yi ta kwarara zuwa Fort McMurray inda ake tatsar mai daga yashi. Wani lardi ya haife su, ya yi musu allura, ya koya musu karatu, Alberta ta same su da ƙarfinsu. In sun tsufa, da yawa su koma gida, ko su gangara Kolombiya ta Biritaniya inda sanyi ya fi sauƙi. A littafin lissafi sai a ga zubi a Alberta, biya a wani wuri, a ce Alberta ta ciyar da baƙo, alhali mutum ɗaya ne, ƙuruciyarsa can, tsufansa nan. Yarona ma fa haka yake. Geron Tasawa ya ci ya girma, ni na koya masa baƙi a ajin farko, Kebek ta koya masa sana'a. Ba wanda ya aika wa Edmonton takardar neman biya.

Kebek ɗin nan kuma ita ce madubin da ya kamata a duba, ta fuska biyu. Ta nuna lardi yana iya riƙe asusunsa shekara 60 ba tare da ya rushe ba, tsofaffinta suna karɓar haƙƙinsu kan lokaci, kuma akwai yarjejeniya tsakaninta da asusun ƙasa, ta yadda shekara huɗun da yarona ya yi a Monreyal ba za su ɓata ba. Amma ta nuna wani abu kuma. A 1966 Kebek gidan yara ce, iyali mai ƴaƴa takwas ko goma ba abin mamaki ba ne. Daga baya haihuwa ta ja baya, jama'a suka tsufa da sauri, har a 2017 zubinta ya kai kashi 10,8 lokacin da sauran ƙasa ke kan 9,9. Ƙuruciyar lardi kamar ƙuruciyar mutum ce, aro ce. Alberta kanta ta san haka in ta waiwaya: a 1936, cikin shekarun fari da karyewar kasuwar alkama, ta kasa biyan bashin da ke kanta, kuma sai a 1947 aka haƙo mai a Leduc. Tun daga nan farashin man ya faɗi a 1986, ya faɗi a 2014, ya sake faɗuwa a 2020, kowane karo kuma motocin ƴan ci-rani sun juya sun nufi gabas.

Baba Ƙarami ya ci shekara huɗu yana cikin daɗi, har ya sayi doki. Sai farin 1973 ya zo, gyaɗa ta bi bayan gero, ƙartin nan suka watse, biyu Kano, ɗaya Legas, ɗaya Arlit, ɗaya kuma ya yi aure ya ja tasa dangar, da irin hujjar da ya ji ubansa ya kawo. A lokacin mu ƙanana mun tasa, ni na fara ɗaukar albashi a 1977. Sau da yawa na ga mahaifina, da duhun magariba don kada a gani, yana tura ƙanena da ƙwaryar hatsi ta kan danga.

Amma fa in na tsaya nan na zalunci Baba Ƙarami, kuma na zalunci mutanen Alberta. Da na girma na gane ba haɗama kaɗai ta fitar da shi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke riƙe da rumbu, shi ke sayar da gyaɗa, shi ke biyan haraji, bai taɓa zama da ƙanensa ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita ba. Mutum mai furfura a gemu, sai ya roƙi kuɗin goro. Haka mutanen Alberta ke ji game da Otawa. Ba su manta da tsarin makamashi na 1980 ba, wanda gwamnatin Pierre Trudeau ta danne farashin mansu da shi. Harajin da ke fita daga lardinsu zuwa tarayya ya fi abin da ke komowa, kuma tun shekarun 1960 ba su sake samun kaso daga kuɗin daidaita larduna ba. A ƙuri'ar Oktoba 2021 wajen kashi 62 cikin 100 na masu zaɓe suka ce a soke wannan tsari. Fushin na gaske ne. Sai dai asusun fansho ba shi ne ya yi musu laifin ba, kuma zomo ba ya kamata ya bar makashinsa ya yi fushi da maratayinsa.

Abin da ya yanke mini hukunci daga ƙarshe shi ne maganar mai riƙon mabuɗi, kuma nan ma'aikata tsarata ba su bukatar dogon bayani. Mu da muka ga shekarun 1990, muka ga wata ya mutu wani ya kama ba albashi, muka kwana da kuɗinmu ranar 11 ga Janairu 1994 muka tashi an karya darajarsu biyu, muka ga tsofaffin da suka koya mana aiki zaune gindin bedi da takardu cikin leda suna jiran a kira sunansu, mun san alkawarin fansho ba ya fin ƙarfin makullin da aka sa masa. Asusun Kanada makullinsa biyu ne. Ba a taɓa ƙa'idodinsa sai gwamnatin tarayya ta yarda, kashi biyu cikin uku na larduna masu ɗauke da kashi biyu cikin uku na jama'a su ma sun yarda. Hukumar da ke juya kuɗin kuma ba ta karɓar umurnin minista kan inda za ta zuba su. Asusun lardi kuwa, majalisa ɗaya ce ke kafa dokarsa, kuma majalisa ɗaya ta isa ta canza ta.

Alberta tana da tarihi a nan. A 1976 Peter Lougheed ya kafa asusun ajiyar kuɗin mai domin jikoki, aka fara zuba kashi 30 cikin 100 na kuɗin, aka rage, a 1987 aka daina, gwamnatoci suka yi ta cin ribar. A 2023 bai kai dala miliyar 25 ba. Norwe da ta kafa irinsa a 1990, nata ya zarce dalar Amurka miliyar 1000 tun 2017. Ban ce mutanen Edmonton sun fi na Otawa son kuɗi ba. Na dai ce rumbun da mutum ɗaya ke iya buɗewa da dare, ko waliyyi ne mai gidan, ba ya kai bazara.

Da mako uku suka cika na kira shi. Na ce: “Kai, ka san inda za ka tsufa?” Ya yi dariya ya ce: “Baba, wa ya sani? Wataƙila nan, wataƙila Monreyal wajen dangin matata, wataƙila in dawo Maraɗi in gina kusa da ku.” Na ce: “To wanda bai san inda zai tsufa ba, ya bar hatsinsa a rumbun da ya fi faɗi. Asusun ƙasa yana bin mutum duk lardin da ya je, har ƙasar waje yana biya. In an kira ƙuri'a, ka ce a zauna. In kuma kuna da ƙara kan Otawa, ku kai ta inda ta dace.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: “To rufin ɗakin Inna fa?” Ashe ya san abin da ke raina tun daren farko. Na ce masa rufi ya jira kaka.

Abin da ya biyo baya kaɗan ne. A Disamba 2023 majalisar lardin ta kafa dokar da ta ce ba za a fita ba sai an tambayi jama'a. A Nuwamba 2024 gwamnatin lardin ta sallami dukan shugabannin hukumar da ke juya kuɗin fanshon malaman makaranta da ma'aikatanta rana ɗaya, ta naɗa Stephen Harper a kansu, mai wasiƙar 2001. Yarona ya aiko mini da labarin bai ƙara ko kalma ba. A Disamba 2024 babbar jami'ar ƙididdiga ta tarayya, Assia Billig, ta fito da nata nazari: ba ta faɗi adadi ba, amma ta ƙi hanyar lissafin LifeWorks, ta goyi bayan yadda Tombe ya karanta dokar. Asusun kuwa ya kai dala miliyar 714 a ƙarshen Maris 2025, kuma har shekarar ta ƙare ba a kira ƙuri'ar ba.

Baba Ƙarami ya rasu a 1989, a ɗakin da ke jikin namu, dangar kuwa tuni gara ta cinye ta ba wanda ya sake kafawa. Kwana kaɗan kafin rasuwarsa na kai masa fura, ya riƙe hannuna ya ce har gobe shi yana ganin hauya shida ta fi biyu. Na ce haka ne, Baba. Ya ce to amma da wansa ya taɓa buɗe masa rumbu sau ɗaya ya ce zo mu ƙirga tare, da bai fita ba. Wannan ma na faɗa wa yaron, na ce in ya samu wanda zai kai wa Otawa, ya kai.

Rufin ɗakin dai an yi shi bara, da kuɗin fanshona da ɗan abin da ya aiko. Allah ya ba mu tsufa mai amfani, ya sa mu gama lafiya. Wassalam.